Ba Karayar Ke Cin Hannun Yaro Ba, Ɗaurin Ne

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin jama'armu, daga Kano har Maraɗi: wai idan ka kai mai karaya asibiti, yanke masa ƙafa za su yi. Wannan magana ce ke sa a ɗauko wanda mota ta kaɗe daga bakin titi, a wuce ƙofar asibiti da shi, a nufi gidan mai ɗori. Ita ce kuma ke sa dangi su sa hannu a takarda su fitar da majinyacinsu daga gadon asibiti da zarar sun ji an ambaci tiyata. Ni likitan ƙashi ne, gyaran karaya da gocewar gaɓoɓi shi ne sana'ata, kuma abin da wannan aiki ya tabbatar mana shi ne karaya ita kaɗai da wuya ta raba mutum da hannu ko ƙafa. Abin da ya fi cin gaɓa shi ne abin da aka yi mata a kwanakin farko bayan karayar, musamman matsattsen ɗauri da jinkiri. Wuƙar likita a ƙarshe take zuwa, bayan gaɓar ta riga ta mutu a wani wuri.

Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini da ɓargo, kuma Allah ya halicce shi da ikon haɗa kansa. Da zarar ya karye, jini ya taru a wurin ya daskare. A cikin makonni biyu zuwa uku wannan daskararren jini ya koma guringuntsi mai taushi da ya riƙe bakunan biyu, daga nan ya yi tauri ya zama sabon ƙashi, sannan jiki ya ɗauki watanni yana sassaƙe shi har ya koma kusan yadda yake a da. Sangalin hannun yaro kan haɗe a mako huɗu zuwa shida, ƙwaurin babban mutum kuwa yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, wani lokaci ma fiye. Babu likitan da ke liƙa ƙashi, babu kuma mai ɗorin da ke liƙa shi. Aikinmu duka bai wuce mu daidaita bakunan, mu hana su motsi, mu kuma tabbatar jini na ci gaba da isa ga gaɓar har jiki ya gama aikinsa ba. A wajen wannan na ƙarshe, wato kare hanyar jini, ake samun ɓarnar da nake magana a kai.

Duk gaɓar da ta karye sai ta kumbura, kuma kumburin ba a take yake kai iyakarsa ba, yana ta ƙaruwa ne har kwana biyu zuwa uku. To ga yadda ɗori ke gudana a mafi yawan wurare: a ja gaɓar, a murza, a shafa man shanu ko wani haɗi, a jera karan dawa ko tsagin gora kewaye da ita, sannan a bi da tsumma ko igiya a tamke tamau, domin a ganin mai ɗaurin, tsaurin ne ke riƙe ƙashin. A ranar farko ɗaurin na iya zama daidai. Da dare kumburi ya taso, karan ba ya buɗewa, tsumman ba ya saki. Tsokar hannu da ta ƙafa kuwa dama a cikin wani tantani mai tauri take, wanda ba ya miƙewa, saboda haka matsi ya haɗu ciki da waje. Ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini su ne ke fara toshewa, jini ya shiga ya kasa fita, kumburi ya ƙaru, matsi ya ƙaru, har a kai inda jinin ba ya shiga kwata-kwata. Duk wanda ya taɓa naɗe yatsansa da roba yana yaro ya ga yadda kan yatsan ke kumbura ya yi duhu ya sage cikin 'yan mintoci. Abin da ke faruwa ke nan, sai dai a nan hannu ne sukutum, kuma ba mai kwance robar. Tsokar da ta rasa jini na awa shida zuwa takwas ta fara mutuwar da ba a dawowa daga ita. Awowi ake lissafawa, ba kwanaki ba.

Jiki ba ya yin shiru a wannan lokaci. Alamar farko ita ce azabar da ta fi ƙarfin karayar, wadda maganin ciwo ba ya kwantar da ita, kuma tana ƙaruwa maimakon ta lafa. Idan aka kama yatsun aka miƙe su a hankali, mutum ya ƙwalla ƙara. Daga nan yatsun su kumbura sumul, su sage, mutum ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, fata ta yi bororo a tsakanin karan, yatsun su yi sanyi, farce ya sauya launi. Abin da ke ƙona rai shi ne yadda ake fassara waɗannan alamu a gida. Yaro na kuka dare farai, sai a ce ɗorin ne ke kamawa, a ce ya yi haƙuri, namiji ne. Ranar da kukan ya tsaya sai a yi hamdala a ce sauƙi ya samu, alhali jijiyoyin da ke ɗaukar zafin ne suka mutu. Yara sun fi kowa shiga wannan hali, saboda akwai wata karaya da ta yawaita a tsakanin 'yan shekara biyar zuwa bakwai, wadda ke faruwa dab da saman gwiwar hannu idan yaro ya faɗo daga mangwaro ko katanga ya dafa ƙasa da tafinsa. Babbar jijiyar da ke kai jini ga hannu a gaban wannan ƙashi take bi. Bakin ƙashin na iya danne ta tun kafin kowa ya taɓa yaron, in kuma aka lanƙwasa hannun aka tamke, an ida rufe hanyar. Idan hannun bai ruɓe ba, tsokar da ta mutu takan ƙanƙance ta ja yatsun su dunƙule, wuyan hannu ya lanƙwashe, yaro ya girma da hannun da ba ya riƙe alƙalami ko cokali. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan nakasa tun a 1881, kuma abin da ya ɗora wa laifi shi ne matsattsen ɗauri, a asibitocin Turai na zamaninsa. Ashe matsalar ba ta al'adar wasu mutane ba ce. Filastar asibiti ma idan aka matse ta a kan sabuwar karaya haka za ta yi, shi ya sa muke fara sa rabin filasta mai barin wurin kumburi, mu kuma riƙa duba yatsu a kai a kai.

Sai bayan kwana biyar, ko mako guda, ko biyu, lokacin da wari ya cika ɗaki kuma yatsu sun yi baƙi ƙirin, ake tunawa da asibiti. A wannan mataki gubar naman da ya ruɓe ta fara shiga jini, zazzaɓi ya rufe majinyaci, fitsarinsa ya ragu ya yi duhu saboda ƙoda ta fara gazawa. Babu tiyatar da ke rayar da naman da ya mutu. Zaɓin da ya rage wa likita biyu ne, ya cire gaɓar ko ya bar ta ta tafi da mai ita. Ya cire, yaro ya koma gida da dungu, unguwa ta ce ai ga shi nan, an kai shi asibiti sun yanke masa hannu. Ba wanda ke ba da labarin kwana goman da suka gabata. Gobe wani yaron ya karye, iyayensa su tuna da wancan, su guje wa asibiti, su kai shi ɗori, su dawo a makare. Tsoron yankewa shi ke haifar da jinkiri, jinkirin kuma shi ke haifar da yankewa. Akwai raunukan da tun farko ba sa ceto, kamar ƙafar da tayar babbar mota ta niƙe, akwai kuma ƙafafun da ciwon suga ko ciwon daji ke ci, wannan gaskiya ne. Amma hannun yaron da ya faɗo daga bishiya ba ya cikin waɗannan, kuma binciken da aka wallafa daga asibitoci daban-daban na Najeriya ya sha nuna cewa ruɓewa bayan ɗori na cikin manyan dalilan yanke wa yara gaɓa.

Wani zai ce, to ai mun ga mutane da yawa da masu ɗori suka gyara, suna nan suna tafiya garau. Haka ne, ba na musun wannan. Dalilinsa shi ne abin da na faɗa da farko, ƙashi yana haɗa kansa. Tsagewar da bakunanta ba su rabu ba, karayar ƙashin da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa, yawancin karayar wuyan hannun yara, duk waɗannan za su warke ko a hannun wa, muddin an hana su motsi ba a shaƙe su ba. Ƙashin yaro ma ko ya ɗan haɗe a karkace yakan miƙe da kansa yayin da yake girma. Wasu kuma da ake kai wa ɗori ba karaya ba ce sam, targaɗe ne. Matsalar ita ce tafin hannu, komai ƙwarewarsa, ba ya iya rarrabe karayar da za ta warke da kanta daga wadda ba za ta warke ba. Mu ma da muka yi shekaru muna karatun ƙashi ba ma yanke hukunci sai mun ga hoto. Kuma waɗanda suka warke su ne ake gani a kasuwa suna yabo. Wanda ƙafarsa ta gajarce, ko ƙashinsa ya ƙi haɗewa yana lilo, yana gida, an kuma ce masa shi ya taka da wuri ko bai kiyaye sharaɗi ba.

Ga misalin abin da hannu ba ya gani. Dattijuwa ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, ƙafarta ta juya waje ta ɗan gajarce. Sau da yawa wannan karayar wuyan ƙashin cinya ce, can ciki inda ya shiga kwatangwalo, inda babu karan da zai kai. Jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin a jikin wuyan suke bi, idan sun tsinke kan ya mutu, ko za a shekara ana ɗauri ba zai haɗe ba. Abin da ke kashe tsofaffi a nan kuwa shi ne doguwar kwanciya: gyambon baya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa. Tiyatar da ake yi, a ɗaure da ƙarfe ko a sauya kan ƙashin da na roba da ƙarfe, manufarta tsohuwa ta tashi zaune ta fara takawa cikin kwanaki. Haka karayar da ta ratsa cikin gwiwa ko idon sawu: idan fuskar gaɓar ta haɗe da ɗan tudu ko na milimita kaɗan ne, za ta riƙa goga tana cinyewa, bayan 'yan shekaru mutum ya kama ciwon gaɓa mai hana ruku'u da zaman tahiya. Gocewar kwatangwalo, wadda ta yawaita ga wanda gwiwarsa ta daki gaban mota a haɗari, ana so a mayar da ita cikin awa shida. A ranar farko aikin mintoci ne bayan allurar barci, amma bayan wata biyu ta zama babbar tiyata mai tsada wadda sakamakonta ba ya kai na farko. Gwiwar hannu kuwa ba ta son murza da ja da gashi ko kaɗan, domin suna sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta sandare.

Karayar da ƙashi ya huda fata ita ce mafi gaggawa, ko da hujin bai fi kan allura ba. Ƙasar titi da ƙwayoyin cuta sun riga sun isa ɓargo. Irin wannan tana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta tun a awar farko in da hali, da allurar tetanus, da wanke raunin a ɗakin tiyata a cire duk naman da ya mutu. Idan aka cusa gari ko saiwa ko man shanu a ciki aka rufe, ƙashin zai ruɓe daga ciki ya riƙa zubar da mugunya shekara da shekaru. Yin tsaga a kan kumburi don a fitar da "mataccen jini" kuwa mayar da rufaffiyar karaya buɗaɗɗiya ne da hannunmu, kuma zubar da jinin da ƙashi ke fara gini da shi ne.

Sai tsoron ƙarfe. Ana cewa yana tsatsa a jiki, yana jawo tsawa, yana hana haihuwa, yana sa mutum ya ƙare rayuwarsa da sanyin ƙashi. Da farko dai, karaya da yawa ba sa buƙatar tiyata. Filasta ko majanyin rataye hannu ya wadatar, kuma likitan kirki ba ya sa wuƙa inda filasta za ta yi. Inda ake buƙata kuwa, ƙarfen da ake sawa na musamman ne da ba ya tsatsa, ko taitaniyam, ba ya narkewa cikin jini, ba ruwansa da haihuwa ko tsawa. Wasu kan ji ɗan tsami a wurin lokacin hunturu, musamman inda ƙarfen ke kusa da fata, kuma idan ya dame su ana iya cire shi bayan ƙashi ya gama haɗewa. Aikin ba gwaji ba ne. Tun a 1939 Gerhard Küntscher ya fara zura doguwar sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargon ƙashin cinya a Jamus, kuma yau ita ce hanyar da duniya ta yarda da ita. Kafin ta, mai karayar cinya sai ya kwanta kusan wata uku da nauyi rataye a ƙafarsa; yau magidanci na iya tashi da sanda cikin 'yan kwanaki. Ga wanda abincin gidansa ya dogara da fitarsa kullum, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Ko waɗanda ƙashinsu ya gajarce ko ya ruɓe aka yanke wani yanki, akwai ƙarfen waje mai zobba da likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a shekarun 1950, wanda ake jan ƙashi da shi milimita ɗaya a rana sabo na tsirowa a tsakani. Sai dai wannan aikin watanni ne na wahala da kuɗi, wanda zuwa da wuri kan hana a kai gare shi.

Hujjar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Mai ɗori na kusa, ya san ka, yana karɓar abin da ya samu, ko kaza ko alkawari. Asibiti kuwa kati, hoto, gwajin jini, kuɗin ƙarfe, kuɗin gado, duk a hannu, ga layi, ga yajin aiki, ga wani ma'aikacin da bai iya magana da mai jin ciwo ba. Likitocin ƙashi sun yi kaɗan matuƙa, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ya shafe shekaru da dama yana ɗauke da majinyatan Arewa har da na maƙwabta. Waɗannan gyararrakin namu ne da na hukuma, kuma duk likitan da ya zargi talaka da jahilci ba tare da ya dube su ba bai yi adalci ba. Amma a yi lissafin har ƙarshensa. Hoto da filasta a ranar farko su ne mafi arha a cikin duk abin da asibiti ke yi. Karayar da ta haɗe a karkace sai an sake karya ta a tiyata, ruɓaɓɓen ƙashi yakan buƙaci tiyata biyu ko uku da magani na makonni, ƙafar roba kuma sai an riƙa sauya ta, ga yaro ma duk lokacin da ya ƙara tsawo. Iyalai da yawa da suka guje wa kuɗin farko sun ƙare da sayar da gona don biyan na ƙarshe, bayan sun biya mai ɗori. Ya kamata kuma a san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti a Najeriya ƙin ba da taimakon gaggawa, kuma tsarin inshorar lafiya na tarayya da na jihohi, irin na taimakekeniya da ke Kano, a buɗe yake ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ba. Shiga tun ana lafiya ya fi yawon neman taimako a masallaci.

Ba na kiran masu ɗori abokan gaba. Yawancinsu gadon sana'ar suka yi, da niyyar taimako suke yi, kuma a ƙauyukan da babu likita su ne ake samu. Abin da ya rage shi ne a shigar da ilimin jini da jijiya cikin abin da suka gada. An gwada hakan a Arba Minch da ke kudancin Habasha, inda aka tara masu ɗori aka yi musu bita ta yini guda a kan illar matse ɗauri, kuma rahoton da aka wallafa a 2005 ya nuna yanke gaɓa saboda ruɓewa ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Babu abin da zai hana masarautunmu, ta hannun sarakunan ɗori, su haɗa kai da asibitoci a yi irin wannan. Wanda kuma ke ganin tiyata baƙon abu ce ga Musulmi, ya tuna da Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajajen 1013: ya rufe littafinsa At-Tasrif da babin tiyata, kuma kashi na ukun babin a kan gyaran karaya da gocewar gaɓa yake. Tofi da addu'a ba su taɓa hana ɗaukar hoto ba, ana yin su a gefen gadon asibiti kullum. Mai ɗorin da ya ga rauni a kan karaya, ko karaya kusa da gaɓa, ko yatsun da suka sage, ya ce wannan ta fi ƙarfina a tafi asibiti, darajarsa ƙaruwa take yi.

Iyaye da 'yan'uwa, idan wani ya karye, kada a ja, kada a murza, kada a tura ƙashin da ya fito ciki. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi. A tallafi gaɓar da kwali ko katako da aka shimfiɗa wa zane mai taushi, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai shiga ƙarƙashin ɗaurin, a bar yatsun a waje ana ganinsu. Idan akwai rauni a rufe da tsumma mai tsabta a danne jinin. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin mai yiwuwa a buƙaci allurar barci. Idan haɗarin hanya ne a Najeriya, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122. A kai shi asibiti a ranar, a ɗauki hoto, a nemi likita ya nuna hoton ya yi bayani, haƙƙinku ne ku tambaya har ku gane. Idan kuma an riga an yi ɗori, ko ma filastar asibiti ce, aka ga zafi na ƙaruwa, ko yatsu sun kumbura, sun sage, sun yi sanyi ko sun sauya launi, a sassauta ɗaurin nan take a kama hanyar asibiti, ko da ƙarfe biyun dare ne. Don Allah kada a jira gari ya waye.